Yadda Ake Samun Gejin Matsin Fetur Mai Araha Don Tsohuwar Mota Mai Injekta a Saudiyya

Duk mai riƙe da tsohuwar mota a Jidda ko Makka ya san wannan ciwon. Da safe sai ka murɗa makulli sau biyu ko uku kafin ta tashi. A cikin gari tana tafiya lafiya lau, amma da zarar ka kunna sanyi, ka ɗauki iyali, ka nufi hawan Hada za ka Ɗa'ifa, sai ta fara shaƙewa, ka taka totur ta ƙi amsawa. Ka kai ta Sina'iyya, wato unguwar gareji-gareji, tun kafin a ɗaga bonet an yanke hukunci: turumba ce, wato famfon mai. A sauke tanki, a sa sabon famfo, ka biya kuɗin kaya da kuɗin aiki. Wani lokaci a dace. Wani lokaci kuma ciwon ya dawo bayan 'yan kwanaki, domin tun farko laifin na filta ne, ko regileta mai daidaita matsin mai, ko wayar da ke kai wa famfon wuta.

Abin da ke raba wannan gardama shi ne gejin auna matsin fetur. Kuɗinsa bai kai na famfo mai kyau ba, kuma ba sai ka sayi irin na manyan gareji ba. Littafin kamfani ba ya ba ka lamba ɗaya tak, tazara yake bayarwa, misali daga 38 zuwa 44 psi (ma'aunin matsi ke nan). Saboda haka gejin da ya kauce da psi 1 ko 2 zai gaya maka gaskiyar da kake nema. Inda mutane ke asarar kuɗi shi ne wajen mahaɗi: su sayo akwati mai kyan gani, su zo gaban mota su tarar babu bakin da ya shiga. Don haka aikin yana farawa daga motarka, kasuwa daga baya.

Mataki na farko: san irin injin da ke gabanka

Ka fara tabbatar da cewa motar mai injekta ce. Wasu motocin da aka ƙera wa ƙasashen Gulf, kamar Hilux da Land Cruiser, sun ci gaba da zuwa da kafireta har cikin shekarun 1990, lokacin da takwarorinsu na Amurka suka daɗe da komawa injekta. Mai kafireta matsinta bai wuce 4 zuwa 7 psi ba, gejinta daban ne. Shekarar motar tana cikin istimara, wato takardar rajistarta. Idan ƙirar Amurka ce, harafi na 10 a lambar shasi yana nuna shekara, na 8 kuma yana nuna nau'in injin.

Daga nan sai ka nemi abu biyu: matsin da kamfani ya ƙayyade, da wurin da za a ɗaura geji. A nan motocin da muke hawa suka rabu gida-gida.

Motocin Amurka su ne masu sauƙi. A jikin bututun ƙarfen da nozul-nozul masu fesa mai suke jere a ƙarƙashinsa, za ka ga wani ɗan bawul da murfin roba ko na ƙarfe, kamar bawul ɗin taya sak. Sunansa Schrader. Ka kwance murfin, ka ɗaura geji, shi ke nan. Sai dai na Ford ya fi na GM (kamfanin GMC da Chevrolet) ƙanƙanta, bakin da ya shiga Suburban ba zai shiga Crown Victoria ba sai da ƙaramin adafta. Crown Victoria da Grand Marquis masu injin 4.6 na shekarun 1990 suna aiki ne tsakanin 30 da 45 psi. Injin Vortec na GMC da Chevrolet da ya fara a 1996 yana son 60 zuwa 66 psi, kuma idan ya gaza haka ko da kaɗan ne sai ya wahalar da kai wajen tashi.

Akwai tarko a wajen GM ɗin da suka gabaci 1996. Suburban da sauran manyan motocinsu na 1987 zuwa 1995 da yawa suna da tsarin da ake kira TBI: nozul biyu ne zaune a saman injin cikin wani abu da ya yi kama da kafireta. Matsinsu 9 zuwa 13 psi ne kawai, kuma ba su da wancan bawul ɗin. Sai an sa adafta na musamman a layin mai, galibi a gurbin filta. Mai irin wannan mota ya kula, akwatunan araha da yawa ba sa zuwa da shi.

Motocin Japan, waɗanda su ne mafi yawa a hannun mutanenmu, akasari ba su da bawul. A tsohuwar Toyota, mai yana shiga ta wani noti mai rami a cikinsa, da washa biyu na tagulla ko alminiyam, a saman filta ko a bakin bututun nozul. Za a cire shi a sa dogon noti na gwaji wanda ke da bakin geji a kansa. Girman da aka fi samu shi ne milimita 12 mai haƙori 1.25. Camry mai injin 2.2 ta 1992 zuwa 1996 tana son 38 zuwa 44 psi. Tsofaffin Honda suna da ɗan ƙaramin noti na milimita 6 a kan notin filta, a nan ake ɗaurawa. Nissan kuwa tiyon roba ne na milimita 8 tsakanin filta da injin, sai a sa mahaɗi mai baki uku a tsakani. Tana nuna kusan 34 psi a silo, ta kai 43 idan an zare tiyon iskan regileta.

Tsohuwar Marsandi mai tsarin K-Jetronic ko KE-Jetronic ta shekarun 1980 matsinta ya haura bar 5, wato sama da 72 psi, kuma cikakken gwajinta yana buƙatar geji mai famfon rufewa a tsakiya. Wannan ba na akwatin araha ba ne, ka nemi bakaniken da ya ƙware a kanta.

Duk waɗannan lambobin don ka san inda ka dosa ne. Ka nemi ainihin na motarka a littafin gyaranta ka rubuta a takarda. Sannan ka ɗauki hoton wurin da za ka ɗaura gejin da wayarka, kusa-kusa, yadda haƙorin noti zai fito.

Mataki na biyu: iyakar geji

Ka nemi mai kaiwa 100 psi, wato kusan bar 7. Allura ta fi faɗin gaskiya a tsakiyar fuska, kuma 40 zuwa 60 nan ne tsakiyar. Mai kaiwa 140 ma ya yi. Ka guji mai 300, domin layukansa sun matse, ba za ka bambance 35 da 40 ba. Mai TBI ya fi dacewa da ƙaramin geji mai tsayawa a 15 ko 30. Wani kuma da ake yawan miƙo wa mutum a shago shi ne gejin da ke auna iskan injin da famfon kafireta a fuska ɗaya, wanda ke tsayawa a wajen 10 psi. Idan ka ɗaura shi a kan injekta, nan take allurar za ta buga ƙarshe ya lalace.

Lissafin ma'auni: bar 1 daidai yake da 14.5 psi, ko kPa 100. Littattafan Japan sukan yi amfani da kPa ko kg/cm², wanda ya yi kusa da bar ƙwarai. Duk wannan bayani bai shafi sababbin motoci masu GDI, wato masu fesa fetur kai tsaye cikin silinda, ko dizal ba. Waɗannan matsinsu na ɗaruruwan bar ne, kada ka kusance su da irin wannan geji.

Mataki na uku: inda ake nema

Kafin ka kashe riyal ɗaya, ka tambaya a cikin 'yan'uwa. Geji ba kayan kullum ba ne, mutum yakan yi amfani da shi sau ɗaya ya ajiye. Idan akwai bakanike ɗan gida da kuke mutunci, ka same shi da ladabi: "Malam, don Allah ina son a auna mini matsin mai kafin a taɓa famfo, nawa ne kuɗin awon kaɗai?" Ka tsaya a wurin ka ga allurar da idonka. Ga wanda mota ɗaya gare shi kuma ba ya sha'awar taɓa sifana, wannan ita ce hanya mafi araha. Idan kuwa ku uku ne ko huɗu masu tsofaffin motoci a unguwa ɗaya, ku haɗa kuɗi ku sayi akwati ɗaya mai cikakkun mahaɗai, ya zauna wurin wanda ya fi riƙon kaya.

Idan saye za ka yi, ka wuce shagunan kayan gyaran mota, ka nemi masu sayar da kayan aikin gareji, inda ake rataye sifanoni da jak. A Sina'iyyar kowane gari akwai su. Ka ce kana son sa'at dagt banzin, wato sunan gejin da Larabci, ka nuna hoton da ka ɗauka. A rubuce shi ne ساعة ضغط بنزين, kuma da shi za ka yi nema a intanet. Kada ka karɓi akwati a rufe. Ka sa a buɗe a kan kanta, ka ciro mahaɗin da ya dace da motarka ka riƙe a hannu. In motar tana ƙofar shago, ka fita da shi ka gwada haƙorin a kan bawul. Ya kamata ya shiga da yatsu biyu cikin sauƙi. Idan sai an sa ƙarfi, ba nasa ba ne.

Manhajar Haraj wuri ne mai kyau na kayan hannu, musamman idan wani yana rufe gareji yana sayar da kayansa. A irin wannan cinikin ne ake samun geji na babban kamfani a kuɗin na araha. Amma kada ka tura kuɗi kafin ka ga kaya, kuma ka ƙirga mahaɗan, domin wanda ya fi amfani shi ne ya fi ɓata. Kasuwar Sawarikh a kudancin Jidda ma takan fitar da tsofaffin kayan aiki ga mai haƙurin zagaye.

A Amazon da Noon da AliExpress akwai akwatuna iri-iri, kuma da yawansu kaya ɗaya ne da suna daban-daban. Ka bar kallon yawan guntayen da aka jera a hoto, ka karanta jerin girman mahaɗai ka nemi naka a ciki. Ka lissafa kuɗin kawowa da harajin kashi 15 cikin 100 kafin ka ce ya fi na Sina'iyya araha, kuma ka duba sharaɗin mayarwa. Mai zuwa daga Sin yakan ɗauki makonni, wanda motarsa ke ajiye ba zai iya jira ba.

Hanyar da na fi so ga masu Nissan da Toyota ita ce haɗa gejin da hannu, domin za ka sayi abin da kake buƙata kaɗai, kuma kai ka zaɓi ingancin kowane yanki. Ka je shagon masu tiyon haidirolik. Ka sayi geji mai 100 psi, wanda ke da ruwan gilisarin a cikin fuskarsa domin allura ta daina rawa. Ka haɗa da mahaɗin tagulla mai baki uku, da tiyo kamar mita ɗaya, da kilif-kilif. Abu biyu ne ba a sassauci a kansu. Na ɗaya, tiyon ya zama na injekta, wanda aka buga SAE 30R9 a jikinsa. Mai 30R7 na ƙaramin matsi ne, tiyon ruwa ko na iska kuwa fetur yana cinye shi. Na biyu, haƙorin geji da na mahaɗi su zama iri ɗaya, domin akwai NPT akwai BSP, a ido kamar ɗaya suke amma idan aka gauraya su sai sun yi yoyo. Kilif ɗin ma ka nemi na injekta mai santsin ciki, wanda ake ɗaurewa da ɗan noti. Mai tsaga-tsaga yana yanka roba. Ga mai Toyota, ka leƙa tashlih, wato wurin da ake fasa tsofaffin motoci, kamar na Ha'ir a Riyad. Ka sayi wancan noti mai rami na irin motarka, ka kai wa mai injin juya ƙarfe ya huda kansa ya yanka masa haƙorin geji. Sababbin washa kuma ka saye su a shago, kada ka ɗauko na tashlih.

Mataki na huɗu: gwada shi da iska tukuna

Ka duba allura tana zaune a kan sifili daidai. Ka ɗan ƙwanƙwasa gilashin da farce, kada ta yi tsalle ta zauna wani wuri. Ka lanƙwasa tiyon ka duba ko akwai tsagewa, musamman na hannu da ya sha zafin ajiya. Ka leƙa cikin mahaɗi ka ga ƙaramin zoben roba yana nan. Idan akwai maɓallin sakin matsi da siririn tiyo mai haske, ka danna ka ji yana dawowa.

Sai ka kai shi wurin mai faci, wanda nan ake kira banshar, a hura masa iska daga kwamfuresa a kwatanta da wani gejin da aka yarda da shi, a 30 sannan a 50. Bambancin 1 ko 2 ba komai, ka dai riƙe shi a ka. Ka shafa ruwan sabulu a mahaɗai ka ga ko zai yi kumfa. Wanda ya yi yoyon iska zai yi yoyon fetur. Gejin taya kuwa kada ka taɓa sa shi a bawul ɗin mai ko da ya shiga.

Mataki na biyar: ɗaurawa

Fetur mai matsin 40 psi ba ɗiga yake yi ba, feshi yake yi, kuma a zafin Makka ko Jidda da rana tsaka tururinsa kaɗai ya isa ya kama wuta. Ka yi aikin da sassafe, injin a sanyaye, a fili mai iska, ba a rufaffen gareji na ƙarƙashin bene ba. Babu sigari, babu yara a kusa. Tukunyar kashe gobara ta kasance inda hannunka zai kai, ka sa tabarau, ka tanadi tsummoki. Lambar 'yan kwana-kwana 998 ce.

Ka fara sauke matsin da ke cikin layi. Ka cire fiyus ko rilan famfon mai, ka tayar da mota ka bar ta har ta mutu da kanta, ka ƙara murɗawa na 'yan daƙiƙu. A Crown Victoria akwai makunnin da ke yanke wa famfo wuta idan an yi karo, yana cikin but ta gefen hagu, zare filoginsa ma yana yin wannan aikin. Ka kashe makulli, ka cire wayar batir ta nagetif. Ka naɗe tsumma a wurin kafin ka kwance, domin sauran mai zai fito. Ka ɗaura gejin, ka tabbata tiyonsa ya yi nesa da fanka da bel da bakin salansa. Ka mayar da fiyus da batir.

Mataki na shida: karanta allura

Ka murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, kada ka tayar. A yawancin motoci famfo zai yi ƙara na kamar daƙiƙa 2 ya tsaya. Ka maimaita sau biyu ko uku, idonka a kan mahaɗai kafin allura. Ko ɗigo ɗaya ka gani, ka kashe ka gyara. Tsofaffin Toyota da yawa ba sa kunna famfo da makulli kaɗai. A ƙaramin akwatin gwaji da ke cikin bonet ake haɗa +B da FP da guntuwar waya don famfon ya kama aiki, sunayen suna rubuce a cikin murfinsa.

Ka rubuta lambar da ka gani. Ka tayar da injin, a silo allura za ta ɗan sauka. Yanzu ka zare siririn tiyon iskan da ke kan regileta ka toshe bakinsa da yatsa: allura ta hau da kamar 7 zuwa 10 psi. In ba ta motsa ba, ko dai regileta ta mutu ko tiyon ba ya jan iska. Ka sunsuna bakin tiyon. Idan akwai fetur a ciki, fatar cikin regileta ta yage, kuma ga dalilin baƙin hayaƙi da shan mai da wahalar tashi idan injin ya yi zafi. Wannan gwajin na motoci masu tiyon mayar da mai tanki ne. Waɗanda regiletarsu ke cikin tanki allurarsu ba ta canzawa.

Idan matsin ya yi ƙasa, kada ka yi saurin zargin famfo. Ka canza filta idan ta daɗe, ka sake aunawa. Ka auna wutar da ke isa famfon, domin tsohuwar waya ko rila mai ƙonannen baki suna rage masa ƙarfi. Sannan ka matse tiyon mayarwa na daƙiƙa biyu kacal, in na roba ne, da filaya da aka naɗe wa tsumma. Allura ta yi sama da sauri, famfo yana da ƙarfi, regileta ce ke zubar da matsi. Ta tsaya inda take, sai a koma kan famfo ko ragar da ke bakinsa a cikin tanki. Idan kuwa matsin ya wuce ƙa'ida, regileta ta maƙale ko layin mayarwa ya toshe.

Ka kashe mota ka zuba wa allura ido. Toyota ta ce a irin waɗannan injina matsin ya tsaya a 21 psi ko sama har minti 5. In ya zube da sauri, ɗaya cikin uku ne: nozul na ɗiga, regileta na sakewa, ko bawul ɗin cikin famfo ba ya riƙewa. Wannan ne ke sa doguwar murɗa makulli da safe.

Saura ciwon da ba ya fitowa sai a kan hanya. Famfon da ya gaji yakan ba da lamba mai kyau a tsaye, ya gaza idan injin ya nemi mai da yawa. Ka fito da gejin ta gefen bonet, ka manne shi da salatif a gilashin gaba ta waje. Kada tiyon fetur ya shiga cikin mota ko kusa. Ka samu wani ya zauna gefe yana karantawa, kai kana tuƙi a titi marar cunkoso. Ka taka totur sosai a ɗan hawa: allura ta ɗan hau ta tsaya. Idan tana zamewa ƙasa daidai lokacin da motar ke shaƙewa, mai ne ba ya isa, kuma in filta sabuwa ce, wuta kuma ta cika, to yanzu kana da hujjar sauke tanki. Idan allura ta tsaya cak motar kuma tana shaƙewa, ka bar famfo ya huta, ka koma kan fulogi da koyil da salansar da ta toshe.

Wajen cirewa, ka bar injin ya huce, ka sake sauke matsi kamar farko, ko ka danna maɓallin saki man ya zuba cikin gwangwanin ƙarfe. Ka mayar da notin asali da sababbin washa, ka mayar da murfin bawul da tiyon iskan regileta. Ka murɗa makulli sau uku, ka shafa busasshen yatsa a ƙarƙashin mahaɗin ka duba, sannan ka tayar ka sake dubawa. Gejin kuma ka rataye tiyonsa ƙasa ya tsane sarai kafin ka mayar da shi akwati, ka ajiye shi a inuwa a cikin gida, domin zafin but yana busar da zoben roba.